Kofaton Akuya

A ƙauyenmu na bakin teku, a Ceará,
rairayi tafiya yake yi.
Ya haɗiye gidan Valdemir mai ɗinkin taru,
ya bar masa ƙofa tsaye babu ɗaki,
sannan ya juyo ya dubi namu.

Kakata Zuleide ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauki wuƙarta ta gyaran kifi,
ta ce in biyo ta da kwando.

Can inda igiyar ruwa ke gajiya ta koma
muka tarar da shi kwance,
yaɗo mai ganye tsage a baki
kamar sawun akuya bisa danshi.
Ta yi ta yanka, kamu ɗaya, kamu ɗaya,
kowane yanki da gaɓa uku.
"Biyu a binne, ɗaya a bar wa rana.
Kada ka dasa shi tsaye,
wannan ba ya gaisawa da iska a tsaye.
Kwantar da shi."

Talatin muka dasa a gindin tudun.
Kwana goma ina jido ruwan rijiya da magariba,
rabin gwangwani ga kowanne,
ran na sha ɗaya ta riƙe mini hannu.
"Ya isa. Bar shi ya nemi nasa a ƙasa."

Tausayi ya kama ni.
Na saci kashin kaji cikin dare
na zuba wa guda huɗu na kusa da katanga.
Suka yi ganye kamar tafin hannu,
kore shar, ƙiba ta fitar hankali,
fure ko ɗaya babu.
Ta duba, ta dube ni.
"Wanda ya tashi a kan gishiri da yunwa,
ka ba shi romo, ai ya manta aikinsa."

Da iskar watan tara ta taso
ta binne goma sha ɗaya.
Motar masu yawon shaƙatawa ta bi ta kan shida.
Tun daga ranar kakata ta jera ɓawon kwakwa ya zama iyaka,
ta zauna bayansa da tsintsiya,
direbobi suka koyi kewaye.

Sauran suka kama rarrafe.
Taki ɗaya yau, taki ɗaya gobe,
kowace gaɓa in ta taɓa ƙasa
sai ta soka saiwa, ta ɗaure, ta wuce,
yadda Valdemir ke ƙulla idon taru.
Mu muna barci,
ana ɗinke tudu.

Furen kuwa sai mai sammako.
Shunayya, buɗe kamar mazurari,
da duhu-duhu a can cikin maƙogwaronsa.
Masunta na ganinsa in za su tura jirgi,
kafin azahar ya naɗe ya sunkuya.
Baƙi su zo da la'asar da na'urar hoto
su ce, ina furen da ake faɗa?
Kakata ta ce, ya tashi aiki.

Shekara ta uku ya hau dokin ƙofa,
ya miƙo hannu wajen murhu.
Ta datse shi ba tare da neman afuwa ba.
"Zumunci zumunci ne,
amma kowa ya kwana a ɗakinsa."

Yanzu ita ma tana kwance a rairayi,
bayan coci, inda ake jin teku.
Tudun ya tsaya taku goma sha biyu daga bangonmu.
Nakan auna duk shekara,
bara sha biyu da rabi.

Ɗazu 'yata Jandira ta kawo mini ƙwayar irinsa
mai gashi-gashi, ruwa ya ajiye ta a gaɓa.
Ta ce, daga ina?
Na ce, wa ya sani, gishiri ba ya kashe ta,
wataƙila wata tsohuwa a ƙetaren can
ita ma rairayi ya dubi gidanta.

Na ɗauko wuƙar.
Ƙotar ta sha hannu har ta rame.
Na ce ta biyo ni da kwando.